Yadda Kanel Ke Gane Aikin Da Ya Maƙale, Da Abin Da Ke Hana Shi Gaggawar Kashe Shi

Duk mai sana'a da na'ura a garuruwanmu, ko mai POS ne a bakin kasuwar Maigatari, ko mai shagon buga takardu a Rano, ko ma'aikaciyar da ke shigar da bayanan masu awon ciki a ƙaramin asibitin ƙauye, ya san lokacin da allo ke daskarewa, a danna nan a danna can babu amsa. Maganin da aka saba da shi guda ne: a danne maɓallin wuta har na'urar ta mutu, sannan a sake kunna ta. Amma tun kafin mai ita ya kai hannu, akwai wani sashe a cikinta da ke lura da irin wannan hali yana ƙirga lokaci, kuma sau da yawa ya riga ya ga matsalar, ya rubuta rahoto a kanta, sannan ya zaɓi kada ya taɓa komai. Wannan zaɓi yana da dalilai masu ƙarfi, ko da yake ba a ko'ina yake dacewa ba.

Sashen shi ne kanel, tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Shi ke raba lokacin furosesa, wato sashen da ke yin lissafi, tsakanin ayyuka, wato shirye-shiryen da ke gudana, shi ke yanka wa kowane aiki rabonsa na ram, ma'ajiyar wucin gadi da ke shafewa idan wuta ta yanke, kuma babu manhajar da ke isa ga faifan ajiya ko hanyar sadarwa sai ta hannunsa. Zan tsaya a kan kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, domin rubutunsa a buɗe yake kowa na iya karantawa, kuma shi ne ke ƙarƙashin Android, wato yana cikin mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a da na'urorin POS masu yawa da akwatunan rarraba intanet.

Tushen wahalar shi ne babu tabbatacciyar hanyar rarrabe aikin da ya maƙale har abada da wanda ke tafiyar hawainiya kawai. Tun 1936 masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing, ya tabbatar da cewa ba zai yiwu a samu dabara guda da za ta duba kowane irin shiri ta faɗi ko zai kammala ko ba zai kammala ba. Saboda haka abin da ya rage wa kanel shi ne agogo. Yana ajiye wa'adi, idan wa'adin ya cika bai ga alamar motsi ba sai ya yi zato, kuma masu rubuta shi sun san zato ne. Duk adadin sakan da za a ambata a nan zaɓi ne da mutane suka yi bayan sun auna asarar yin gaggawa da asarar yin jinkiri, kuma mai na'ura na iya sauya kowannensu.

Maƙalewar da mutane suka fi gani ita ce wadda ta fi sauƙi a wurin kanel. Idan manhaja ta faɗa cikin zagaye marar ƙarshe tana maimaita lissafi ɗaya, a idon kanel aiki take yi, ba ta karya wata doka ba. Agogon na'ura yana katse furosesa tsakanin sau 100 zuwa 1000 a kowane sakan, gwargwadon yadda aka tsara kanel ɗin, kuma a irin waɗannan katsewa ne mai rabon lokaci ke karɓe furosesa daga hannun aikin ya miƙa wa na gaba. Na'urar za ta yi zafi, batir zai zube, amma sauran ayyuka na samun rabonsu, kuma duk lokacin da aka aika wa aikin da sigina mai lamba 9, wato saƙon kisa da ke bi ta hannun kanel, zai mutu nan take, domin babu manhajar da ke da ikon ƙin karɓar wannan sigina. Saƙon da Android ke nunawa cewa wata manhaja ba ta amsawa, a jira ko a rufe ta, ba daga kanel yake fitowa ba. Wani sashe ne na Android da ke samansa, wanda ke ƙirga sakan 5 daga lokacin da aka taɓa allo manhajar ba ta karɓa ba.

Inda al'amarin ke tsananta shi ne idan aikin ya maƙale yana cikin kanel ɗin kansa. Mafi yawan ayyukan da ke cikin kwamfuta barci suke yi a kowane lokaci, suna jiran wani abu ya faru, kuma barcin iri biyu ne. Akwai wanda ake iya tayar da mai yinsa da sigina, kamar na manhajar da ke jiran a danna maɓalli, wanda umarnin ps, mai jera ayyukan da ke gudana, ke nunawa da harafin S. Akwai kuma wanda sigina ba ta tayarwa, mai harafin D, wanda aiki ke shiga idan ya nemi wani abu daga faifan ajiya yana jiran amsa, ko yana jiran wani makulli na cikin kanel, wato izinin da ke hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, da ke hannun wani aikin. A al'ada barcin D gajere ne ƙwarai, bai kai ƙiftawar ido ba. Amma idan faifan ya daina amsawa, ko mai riƙe da makullin shi ma ya maƙale, aikin zai zauna a D, a aika masa da sigina ta 9 sau ɗari ba zai mutu ba, domin sai ya farka kafin ya ga saƙon, kuma abin da zai tayar da shi bai zo ba.

Mai karatu na iya tambayar me ya hana kanel, da yake shi ne mai iko da komai, ya share aikin da ƙarfi. Amsar tana cikin abin da aikin ya bari a buɗe. Lokacin da ya nemi a karanto masa bayani, an nuna wa faifan wani wuri a cikin ram an ce ya zuba a nan, kuma faifan kai tsaye yake zubawa ba tare da ya sake bi ta furosesa ba. Kamar yarinyar da ta tara kwanonta a bakin injin niƙa ne, hatsinta na ciki: idan aka kore ta aka tara kwanon wata a wurin, injin bai san an yi canji ba, garin zai zubo ne a kwanon da ba nasa ba. Idan kanel ya kashe aikin ya ba wani aikin wannan yanki na ram, sannan faifan ya farfaɗo ya zuba bayaninsa, an lalata wa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ɓarnar na iya ɓuya sai bayan kwanaki ta bayyana a matsayin fayil da ya ƙi buɗuwa. Haka nan idan aikin na riƙe da makulli yana tsakiyar gyara tsarin fayiloli, kashe shi zai bar gyaran rabi da rabi. A 2008, cikin Linux 2.6.25, Matthew Wilcox ya shigo da wani matsakaicin barci wanda siginar kisa kaɗai ke iya tayarwa, aka yi amfani da shi a wuraren da janyewa ba ta da haɗari, musamman wajen jiran fayilolin da ke kan wata kwamfuta ta hanyar NFS, tsarin raba fayiloli ta hanyar sadarwa. Wannan ya rage matsalar, amma wuraren da ba za a iya janyewa lafiya ba suna nan.

Mai sa ido kan masu barcin D wani ɗan aiki ne na cikin kanel mai suna khungtaskd, wanda aka ware shi ya tsaya da kansa a 2009. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. Kowane aiki yana da ƙidayar sau nawa ya sauka daga kan furosesa, kuma muddin yana samun damar gudana, ƙidayar na ƙaruwa. Bayan kowane sakan 120 khungtaskd na farkawa ya bi jerin ayyuka, duk wanda ya tarar a D sai ya kwatanta ƙidayarsa ta yanzu da wadda ya rubuta a zagayen baya. Idan ta ƙaru, aikin ya motsa a tsakani, sai ya rubuta sabuwar ya wuce. Idan tana nan yadda take, to aikin bai taka furosesa ko sau ɗaya ba cikin minti 2 cur. Tunda sai an ga aiki a zagaye biyu kafin a yi magana a kansa, wanda ya maƙale jim kaɗan bayan wucewar khungtaskd zai kusan cika minti 4 kafin sunansa ya fito, lokacin da mai shago ya daɗe da zare waya daga bango.

Abin da khungtaskd ke yi bayan ya gano aikin shi ne rubutu kawai. Yana saka layi a kundin rahoton kanel, wanda ake karantawa da umarnin dmesg, mai ɗauke da sunan aikin da lambarsa da kalmomin "blocked for more than 120 seconds", sannan ya jera matakan da aikin ya bi a cikin kanel har zuwa inda ya tsaya. Bayan ya yi gargaɗi sau 10 yana yin shiru, don kada rahoto ɗaya ya cika kundin ya ture wasu. Wanda bai san wannan ba zai ga gargaɗin ya daina fitowa ya ɗauka matsalar ta warware. Babban kuskuren da ake yi wajen karanta wannan rahoto kuwa shi ne ɗora laifi a kan aikin da aka ambaci sunansa, alhali a mafi yawan lokuta shi mai jira ne. Mai laifin yana can gefe: faifan da ya daina amsawa, ko direban wata na'ura, wato sashen kanel da ke sarrafa ta, da ya manta bai saki makulli ba, ko ayyuka biyu da kowannensu ke riƙe da abin da ɗayan ke jira.

A ɗauki misalin ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a yankin Gumel, inda malami ya sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a tsohuwar kwamfuta mai ram na gigabait 8, yana kwafa wa abokan aikinsa bidiyoyin darasi a wani filash mai arha. Linux ba ya rubuta bayani a filash nan take. Yana tara shi a ram yana turawa a hankali, kuma a tsarin da ya zo da shi yana barin abin da ba a rubuta ba ya kai kashi 20 cikin 100 na ram ɗin da ke samuwa. Don haka layin da ke nuna ci gaban kwafi zai ruga ya cika, malam ya danna a fitar da filash, sai komai ya tsaya cik. Idan gigabait 1 ne ke jibge a ram kuma filash ɗin megabait 5 kawai yake iya karɓa a sakan, ana buƙatar sakan 200 kafin a gama, wato an haura wa'adin khungtaskd, kuma gargaɗi na iya fitowa a kundi alhali babu abin da ya lalace. Ɗan fitilar filash ɗin na ta ƙyaftawa, aiki na tafiya. Da a ce kanel na kashe duk wanda ya haura wa'adi, ko yana sake kunna na'ura a kan haka, da shi da kansa ne zai lalata fayilolin malam. A irin wannan hali ne ma ake ganin ma'aunin nauyin aiki, mai nuna yawan ayyukan da ke gudana ko jira, ya hau sama alhali furosesa na zaune ba ta komai, domin tun 1993 Linux ke ƙirga masu barcin D cikin wannan ma'auni.

Akwai kuma maƙalewar da ba ta barci ba ce. Wani lokaci kuskure a cikin kanel, galibi a direban wata na'ura, yakan sa furosesa ta shiga zagaye a daidai wurin da aka hana mai rabon lokaci karɓe ta. A nan khungtaskd ba shi da amfani, tunda babu mai barci, kuma idan furosesar guda ce shi kansa ba zai samu damar farkawa ba. Ingo Molnar ya rubuta mai gadin wannan hali a 2005. A tsarinsa na yau, kowace ƙwayar furosesa (furosesa ɗaya kan ƙunshi ƙwayoyi da dama masu aiki a lokaci guda) tana da ƙararrawar agogo da ke kaɗawa duk bayan sakan 4, kuma duk kaɗawa tana tayar da wani ɗan aiki mai fifiko a kan kowa, wanda ba shi da wani aiki sai rubuta lokaci. Idan ƙararrawar ta duba ta ga lokacin da aka rubuta na ƙarshe ya haura sakan 20, ta san cewa ko mai fifiko a kan kowa bai samu shiga ba, sai ta rubuta cewa furosesa mai lamba kaza ta maƙale na sakan kaza, tare da ainihin wurin da take zagaye. Wannan rahoto ya fi na khungtaskd nuna mai laifi, domin an kama shi ne yana kan aikatawa.

Mafi muni shi ne idan zagayen ya faru a wurin da aka rufe katsewa gaba ɗaya, ta yadda ƙararrawar agogon ma ba ta shiga. Don wannan ne ake amfani da wata katsewa ta musamman da ake kira NMI, wadda furosesa ba ta da ikon toshewa. A kwamfutoci masu furosesar Intel ko AMD, kanel na saita ɗaya daga cikin ma'aunan ƙirga aikin furosesa ya tayar da NMI kusan duk sakan 10, ita kuma ta duba ko ƙararrawar sakan 4 ta kaɗa tun zuwanta na baya. Yawancin furosesoshin ARM da ke cikin wayoyi da ƙananan na'urori ba su da wannan hanya a sauƙaƙe, shi ya sa a 2023 aka ƙara wata dabara inda kowace ƙwayar furosesa ke duba ƙidayar maƙwabciyarta. Akwai wasu masu sa ido bayan waɗannan, kamar lockdep da ke gano yiwuwar sarƙewar makullai tun kafin ta auku, amma shi wannan na masu gwajin kanel ne, ba a cika kunna shi a na'urar aiki ba saboda nauyinsa.

Ban da rubuta rahoto, mataki ɗaya ne kawai ya rage a hannun kanel, kuma babba ne: ya ayyana cewa shi kansa ba abin amincewa ba ne, ya tsayar da komai. Kowane mai gadi yana da makunninsa na wannan mataki, irin su hung_task_panic da softlockup_panic, kuma waɗannan biyun a kashe suke zuwa. Akwai kuma wani saiti, kernel.panic, da ke faɗin sakan nawa za a jira bayan tsayawar kafin na'ura ta sake kunna kanta. Idan sifili ne, wanda shi ne na asali, za ta tsaya nan har sai mutum ya zo. Babu wani mataki na tsakiya da zai ceto aikin da ya maƙale a bar sauran, saboda dalilan da aka riga aka bayyana.

Idan kanel ya mutu murus har NMI ba ta da mai amsa ta, saura mai gadin da ke cikin ƙarfen na'urar. Wannan wani ɗan agogo ne mai ƙirgawa ƙasa, wanda ba ya dogara da manhaja ko kaɗan: da zarar an kunna shi, dole a riƙa mayar da ƙirgarsa farko a kai a kai, in kuwa ta kai sifili zai sake kunna na'urar kamar an danna maɓalli. Linux na gabatar da shi a matsayin /dev/watchdog, kuma systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji tana kula da su, na iya ɗaukar nauyin taɓa shi idan aka saita RuntimeWatchdogSec. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi tana da irinsa, mai wa'adin da bai wuce kimanin sakan 15 ba. Ana iya ƙulla sarƙa da shi, ta yadda manhajar aiki ke shaida wa systemd cewa tana raye, shi kuma systemd yana shaida wa ƙarfen.

Sake kunnawa yana dawo da aiki, amma ba ya cire musabbabi. A watan Yulin 1997, kwanaki kaɗan bayan kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars, kwamfutarsa mai amfani da babbar manhajar VxWorks, ba Linux ba, ta riƙa sake kunna kanta. Wani aiki marar fifiko, mai tattara bayanan yanayi, yakan riƙe makullin da aiki mai babban fifiko ke buƙata, sai ayyuka masu matsakaicin fifiko su hana ƙaramin samun furosesa balle ya saki makullin. Tsarin sa ido na ganin babban aikin bai kammala a kan lokaci ba sai ya sake kunna komai. Hakan ya hana kumbon mutuwa, amma abin da ya warware matsalar shi ne injiniyoyi sun maimaita ta a kan irin kwamfutar a ƙasa suna naɗar duk abin da ke gudana, suka gano makullin, suka aika gyaran da ke ara wa mai riƙe da makulli fifikon wanda ke jiransa.

A ganina, saitin da Linux ke zuwa da shi ya fi dacewa da wurin da akwai ma'aikaci kusa, mai karanta kundi, mai iya yanke hukunci da kansa. Na'urar da ke kulle a ɗakin ajiya na wani asibitin ƙauye a bayan Birnin Kudu, tana cin wutar sola, wanda ya haɗa ta kuma yana Kano ko Dutse, ba ta cikin wannan hali. Idan ta daskare ranar Juma'a da yamma tana iya kwana uku a haka, ga kuɗin mota da na mai kafin a zo a danna maɓalli ɗaya. Irin wannan na'ura ya kamata a kunna mata mai gadin ƙarfe, a sa wa kernel.panic adadi kamar 10, a kuma bar maƙalewar furosesa ta kai ga sake kunnawa, tunda furosesar da ta yi sakan 20 tana zagaye a cikin kanel da wuya ta dawo hayyacinta. Amma hung_task_panic sai an yi hattara da shi. Inda ma'ajiyar katin memori ce mai jinkiri, ko tsohon faifai da zafin watan Afrilu ke galabaitarwa, kunna shi a kan sakan 120 na nufin yanke wuta a tsakiyar rubutu, kuma na'urar na iya tashi ta sake faɗawa cikin jinkirin nan ta sake mutuwa, a yi ta zagaye. Idan har za a kunna shi, gara a tsawaita wa'adin zuwa abin da aka tabbatar ma'ajiyar ba ta kaiwa ko a ranar da ta fi nauyi.

Sauran matsalar ita ce shaida. Kundin rahoton kanel a ram yake zaune, kuma wata manhaja ce ke kwafe shi zuwa faifai. Idan faifan ne ya maƙale, rahoton da ke bayyana hakan ba zai taɓa isa cikinsa ba, sake kunnawa kuma zai shafe shi. Akwai hanyoyin kauce wa wannan, kamar netconsole mai tura rahoton zuwa wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, da pstore mai ajiye layukan ƙarshe a wurin da sake kunnawa ba ya shafewa, da kdump mai tayar da kanel na biyu don ya kwashe abin da ke cikin ram na wanda ya mutu. Inda babu ko ɗaya, wayar hannu ta isa: idan na'urar na karɓar rubutu, a buga dmesg a ɗauki hoton allo kafin a kashe, a tura wa mai gyara ta WhatsApp. Hoton ya haɗa da layukan da suka gabaci gargaɗin, domin kanel kan ba faifai sakan 30 ya amsa kowane umarni kafin ya fara ƙoƙarin farfaɗo da shi, don haka koke-koken faifai ko na kebul ɗin USB kan riga gargaɗin khungtaskd fitowa da minti ɗaya ko fiye. Daga waɗannan layuka ne mai gyara zai san ko faifai zai taho da shi, ko kebul, ko kuwa inbata ce ke sakin wuta ƙasa da ƙima idan batir ya yi sanyi da asuba.